Masu zuwa Delhi, ga inda za ku ci nama

'Yan uwa masu zuwa Delhi jinya ko karatu, ku hau jirgin metro ku sauka a tashar Jama Masjid. Gidan abincin Karim's na nan tun 1913, namansu yankan Musulmi ne. A wasu unguwannin kuwa sai an tambaya, don akwai yankan jhatka, inda ake sare kan dabba da sara ɗaya.

Biryani, wato dafa-dukar shinkafa da nama, a tukunya guda ake dafa shi, ba a iya rage masa yaji. Ku ce a haɗo da raita, wato kindirmo da kokwamba, shi ke kashe zafin barkono, ruwa ba ya yi. Don Allah ku guji ƙanƙara da pani puri (soyayyen ƙwallon fulawa da ake cika wa ruwan yaji) na bakin titi, ruwansu kan jawo gudawa.