Yadda ɗaliban jami'a a Bauchi za su haɗa tukunya ɗaya don abinci ya kai su ƙarshen zango

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na hatsi suka hau tare, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ɗalibin da ke zaman jiran saƙo daga gida na cikin waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. A ɗakunan kwana na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a harabar Yelwa ko ta Gubi, akwai masu ci sau ɗaya a wuni, su shiga aji da jiri. A ganina, abin da ya fi rage wannan wahala shi ne 'yan ɗaki su daina kunna risho kowa da nasa, su haɗa tukunya ɗaya, amma sai an bi tsari.

Da farko a zauna tun makon dawowa, kafin kuɗin hannu ya tarwatse. Mutum huɗu ko biyar sun isa, domin idan aka yi yawa lissafi yakan kuɓuce. Kowa ya faɗi gaskiyar abin da zai iya kawowa. Wanda iyayensa manoma ne a Dass ko Toro ko Ningi, ya zo da masara ko wake a ƙiyasta masa da farashin kasuwa, wanda ake turo wa kuɗi ya bayar da kuɗi. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗin, wani dabam ya riƙe littafin rubutu.

Daga nan sai sayayya, kuma a nan ne ake samun riba ko asara. Sayen gwangwani-gwangwani a shagon bakin makaranta shi ke cinye kuɗin ɗalibi bai sani ba. A tura mutum biyu Kasuwar Muda Lawal su auno da mudu, su yi zirga-zirga ɗaya, musamman mazauna Gubi da ke wajen gari. Idan zangon ya faɗo a lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, a matsa a sayi mai yawa, domin hatsi ya fi araha a lokacin. A fifita masara da gero da wake da garin rogo a kan taliyar leda, wadda take ƙarewa da wuri kuma ba ta riƙe ciki. A haɗa da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, manja da ƙuli-ƙuli, tun da ba sa buƙatar firiji.

Ajiyar wake tana buƙatar kulawa ta musamman. A shanya shi ya bushe sosai, a zuba a jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ba, a cika ta har wuya, a toshe bakin da leda kafin a murɗa murfin. Ƙwarin wake ba sa rayuwa inda iska ba ta shiga. Kada a kuskura a barbaɗa masa maganin ƙwari, domin guba ce da take bin abincin har cikin kwano.

Bayan haka a ƙirga makonnin zangon, a raba kayan kashi-kashi, a fara da ware rabon makonnin jarrabawa a ɗaure shi dabam. Lokacin ne aljihu ke bushewa, kuma lokacin ne ƙwaƙwalwa ta fi buƙatar abinci.

Wajen girki, a jiƙa wake tun da dare don ya nuna da wuri ya rage cin gas ko kalanzir. Kunun gero da safe, ko da babu abin haɗawa sai ƙuli-ƙuli, ya fi fita da ciki wayam.

Wanda bai nemi rancen NELFUND ba, wato bashin karatu na gwamnatin tarayya, ya duba shi. An sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024, yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, don haka a yi shawara da iyaye tukuna.

Za a kai watan da saƙon wani ba zai iso ba. Tun ranar zaman farko a amince cewa ba za a janye masa kwano ba, za a rubuta rabonsa ya biya daga baya. Idan kuwa matsalar ta fi ƙarfin ɗakin, ɗaya daga cikinsu ya raka shi ofishin kula da harkokin ɗalibai, ko ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarsu, ko wurin limamin masallacin makaranta, domin da yawa kunya ce take hana su zuwa su kaɗai.