Yadda ake ɗaga iyakar juyin injin ƙaramar mota ba tare da ya buga ba

Yawancin samarin da ke kawo mota gareji a Gusau suna neman a buɗe mata wuta sun ɗauka cewa jan layin da ke kan agogon juyin inji takunkumi ne da kamfani ya sa don rowa, kuma da zarar an cire shi ƙarfi zai ƙaru. Ba haka abin yake ba. Ƙwaƙwalwar mota, wato birenbos, tana yanke mai ko wutar fulogi idan inji ya kai wani adadin juyi a minti guda, kuma ɗaga wannan adadi ba ya ƙara ko da ƙarfin doki ɗaya. Yana dai barin inji ya ci gaba da juyawa. Idan injin yana da numfashin yin aiki a can sama an ci riba, idan kuwa ba shi da shi, ƙara ce kawai za ta ƙaru.

Don haka aikin farko shi ne gano inda ƙarfin injin yake ƙarewa. Injin 1ZZ-FE da ke cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008 yana ba da iyakar ƙarfinsa a juyi 6,000, jan layinsa kuma yana wajen 6,400, shi kuwa injin Golf 3 mai lita 1.8 da doki 90 a juyi 5,500 yake gama ba da abin da yake da shi. Duk biyun ƙarfinsu ya riga ya fara sauka kafin birenbos ta tsayar da su. Ɗan'uwan na farko, 2ZZ-GE da Toyota ta ƙera tare da Yamaha, yana wuce 8,000 ne saboda zirga-zirgar fistinsa milimita 85 ce maimakon 91.5, kuma kamshaf ɗinsa yana da ƙulli na biyu da ke buɗe bawul sosai idan juyi ya yi sama. A haɗa na'urar OBD2, wato mai karanta bayanan birenbos, da waya, a sami hanya miƙaƙƙiya wadda ba kowa, ba titin Funtuwa mai cike da tireloli ba, a take totur har ƙasa a giya ta biyu, a duba daƙiƙun da inji ke ɗauka wajen ƙara kowane juyi 500. Idan matakin ƙarshe ya fi na bayansa jinkiri sosai, to matsalar ta numfashi ce, kuma maganinta kamshaf da gyaran hanyar iska da salansa. Mai mota otomatik kuwa ya adana kuɗinsa, domin giyar tana canzawa da kanta kafin a kai iyakar.

Bayan nan sai lafiyar injin. A auna matsin kowace silinda, kada bambanci tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A ɗaura geji na gaske a ga matsin baƙin mai bayan inji ya yi zafi, domin fitilar dashbod ba ta kamawa sai aikin gama ya riga ya gama. Ni ba na taɓa motar da aka cire wa tamostat aka haɗa fankarta kai tsaye, har sai an mayar da komai yadda yake an kuma wanke lagireto, saboda a watan Afrilu zafin Zamfara da Kabi yana haura digiri 40, kuma injin da ke obahitin a tafiyar yau da kullum ba zai jure ƙarin juyi ba. Tsohon taimin bel ma a sauya shi.

Matakin da na fi ganin masu koyo suna tsallakewa, kuma shi ne ke kashe injuna, shi ne sifirin ɗin bawul. Kamshaf ne ke tura bawul ya buɗe, amma sifirin ne kaɗai ke mayar da shi ya rufe. Nauyin da ke kan sassan da ke kai da komowa ba ya ƙaruwa daidai da juyi, ninkin kansa yake yi: daga 6,000 zuwa 7,000 ƙarin juyin bai kai kashi 17 ba, amma wahalar da ke kan bawul da fistin da konrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, ta ƙaru da kusan kashi 36 cikin ɗari. Idan sifirin ya gaza, bawul yana daina bin kamshaf, ya tsaya a buɗe a daidai lokacin da fistin ke tahowa sama. Alamarsa ita ce inji ya riƙa shaƙewa yana ɓarɓadi a can sama, wanda marar sani zai ɗauka iyakar birenbos ce ya ci gaba da taka totur. Wani lokaci ma babu alamar komai, sai dai a ji ƙara guda, a buɗe top silinda a tarar da bawul a lanƙwashe da rami a kan fistin.

Injunanmu kusan duk 'yan Kwatano ne da suka yi shekaru suna aiki, sifirin ɗinsu ya riga ya saki tun kafin su shigo ƙasar nan. A cire su duka a auna tsawonsu da ƙarfinsu, a gwada da abin da littafin injin ya faɗa. Idan za a wuce ƙarin juyi 300, a sayi masu ƙarfi waɗanda aka ƙera wa wannan injin takamaimai, a kuma tabbatar cewa zoben sifirin ba sa haɗewa da juna a lokacin da bawul ya buɗe gaba ɗaya. Dabarar da wasu ke yi ta cusa zoben ƙarfe, wato washa, a ƙarƙashin tsohon sifirin, ko ɗauko na babbar mota, ba ta da kyau: na farko yana kawo wannan haɗewar, na biyu kuma yana cinye ƙullin kamshaf. Injin Golf yana da ƙarin matsala, domin tafet ɗinsa, wato sassan da ke tsakanin kamshaf da bawul, masu aiki da baƙin mai suna iya kumbura su hana bawul zama idan ya fara shawagi. Tunda an riga an buɗe inji, a sauya ƙusoshin konrod da masu inganci irin na ARP, a duba metal, wato shimfiɗar ƙarfen da konrod ke juyawa a kai. Kayan suna da tsada kuma sai an yi odarsu ta Kano ko Legas.

Sai a ƙarshe a zo kan birenbos. Wasu ana sake rubuta su ta mahaɗin OBD2, ta Golf 3 ana cire mata ƙaramin cif ne a sa wani, tsofaffin Toyota kuwa suna da wuyar buɗewa, har ya fi sauƙi a ɗaura wata ƙwaƙwalwa daban irin Speeduino ko Megasquirt. A adana ainihin bayanan kamfani kafin a canza komai, kuma a haɗa batir da caja, domin idan wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar rubutu birenbos na iya mutuwa. Ana ɗagawa ne da juyi 200 a kowane zama, a cike jadawalin mai da na lokacin wuta na sabon yankin, a gwada, sannan a ƙara. Na'urar auna hayaƙi ta nuna iska kashi 12.5 zuwa 13 a kan kashi ɗaya na fetur idan an take totur har ƙasa, kuma kada lokacin da nozul mai fesa fetur ke buɗe ya wuce kashi 85 cikin ɗari. Man 'yan bumburutu ba ya shiga wannan gwaji. Cire iyakar gaba ɗaya kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma direba ya sani cewa ko tana nan ba za ta cece shi ba idan ya jefa giya ta biyu a inda ya nufi ta huɗu.

Bayan kowane gwaji a ciro fulogi a duba launinsu, a juye baƙin mai da wuri a haska shi a rana ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga matatar iska. Sannan a maimaita awon giya ta biyu na farko, idan daƙiƙun ba su ragu ba a mayar da iyakar inda kamfani ya ajiye ta. Motar haya da ke jigila tsakanin Gusau da Talatar Mafara, ko Birnin Kabi da Jega, da lodi har saman but, ba a yi mata wannan aiki, domin ƙarfin da take buƙata yana ƙasa da juyi 4,000.