Kurakuran da ke kashe 'ya'yan kifin kilawun a tankin gida

Ranar da kifayena suka fara yin ƙwai a ɗakina da ke Agege, har maƙwabcina na kira ya zo ya gani. Kwana goma sha ɗaya bayan haka babu ɗa ko ɗaya da ya rage. Laifina ne, kuma shi ne laifin kusan duk wanda ya fara kiwon kilawun, wannan kifin teku mai ruwan lemo da ratsin fari uku.

Kuskuren ya kan faro tun wurin saye. Mutum ya zaɓi manya biyu masu kai ɗaya, su wuni suna cizon juna. Shi kilawun duk a namiji yake tasowa, wanda ya fi girma da ƙarfi ne ke rikiɗa ya zama mace, kuma idan ya zama ba ya komawa. Manya biyu na iya kasancewa mata biyu. Ka sayi ƙanana biyu, ko babba da ƙarami, ka bar su su daidaita. Kada kuma ka wahalar da aljihunka neman anemoni, wato halittar teku mai kama da fure da kilawun ke fakewa a cikinta. Kaskon shuka furanni na ƙasa ko ɓallen tayil ya ishe su wurin yin ƙwai.

Sai ruwa. Wai tunda Legas bakin teku take, sai a ɗebo na lagun. Wannan ruwan gauraye ne, ga datti. Gishirin girki ma ba ya yi. Gishirin tankin kifin teku za ka haɗa da ruwan da aka tace da na'urar RO mai cire gishiri da datti daga ruwa, ma'aunin gishirin ruwa ya nuna wajen 1.025. Idan zafi ya shanye ruwan, gishirin yana nan bai tafi ba, don haka ruwa zalla ake ƙarawa. Ɗumin ya tsaya tsakanin digiri 26 zuwa 28. A watan Maris ɗaki kan wuce haka, sai ka saita fanka tana kaɗa saman ruwan.

Amma abin da ya ci ni shi ne abinci. Ƙwan yana fara da launin lemo, ya yi duhu, wajen kwana 7 zuwa 8 ka ga idanu kamar azurfa suna ƙyalli a ciki, uban yana ta yi musu fifita. Daren nan za su ƙyanƙyashe, bayan an kashe fitila. Ni kuwa na tanadi garin abincin kifi, na niƙa shi lukui. Ko kallonsa ba su yi ba. Bakinsu ƙanƙane ne, kuma sai abin da ke motsi suke kamawa. Abincinsu na farko rotifa ne, wasu ƙwayoyin halitta da ido da ƙyar yake gani, su kuma da koren ruwa na gansakukar nanokulorofsis ake ciyar da su. Rotifa ba a samar da shi dare ɗaya. Ka fara renonsa a bokiti biyu makonni kafin ƙwai, in ɗaya ya lalace ɗayan ya cece ka. Wajen kwana na 5 zuwa 7 ka fara haɗa musu da sabon ƙyanƙyasar atimiya, wato ƙananan jatan landen ruwan gishiri, kada ka yanke rotifa farat ɗaya.

Wani ya bar 'ya'yan a babban tanki, matata ta zuƙe wasu, kifaye su cinye sauran. Da yammar ƙyanƙyasa ka ɗauke tayil ɗin zuwa ƙaramin tanki mai ruwa iri ɗaya, ba matata, sai iska mai fitowa a hankali. Ka rufe gefunan da baƙar leda, domin haske daga gefe yana ruɗa su, su yi ta bugun gilashi ba su ci ba. Kullum ka zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, ka sauya ruwa kaɗan, saboda amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, tana taruwa da sauri a ƙaramin tanki.

Ga kuma wuta. Wani abokina a Idi-Araba ya kai nasa kwana 9, ratsin farko ya fara bayyana a kai, aka ɗauke wuta cikin dare yana barci. Da asuba ya tarar da su kwance a ƙasan tanki. Famfon iska mai batir, wanda ke tashi da kansa in wuta ta tafi, shi na sa ya saya kafin kifayen su sake yin ƙwai bayan mako biyu.