Kurakuran da muke tafkawa wajen cire foldojin ma'aikata daga bakof

Wannan maganar tamu ce mu da aka damƙa wa kwamfuta 20 ko 40 a wata makaranta ko ofis a Gusau ko Birnin Kebbi, aka miƙo mana diski ƙwaya ɗaya aka ce duk a riƙa tara bakof, wato kwafin ajiya na fayiloli, a ciki ta netwok. Ko wata ba a yi diskin ya cika fal, ka buɗe ka tarar da fina-finai da bidiyon biki da wasan ƙwallo, zuciya ta ɗebe ka ka ce bari in cire C:\Users gaba ɗaya in huta. To wallahi babu kuskuren da ya kai wannan ciwo, don Desktop da Documents duk cikin Users suke, kuma kowa ya san halin mutanenmu, sakatare a kan Desktop yake zuba komai har takardar albashi. Ka adana Windows da za a iya sake ɗorawa a yini ɗaya, ka bar abin da in ya tafi ya tafi kenan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wanda ya ɗan waye sai ya ce to AppData (foldar da manhajoji ke ajiye bayanansu) kawai zan cire, ai shara ce. Rabinta shara ce gaskiya, AppData\Local\Temp da tarkacen burauza a cire su ba wanda zai yi kuka. Amma Thunderbird a AppData\Roaming yake ajiye wasiƙun mutum, Firefox ma can yake ajiye nasa bayanan, shafukan da mutum ya adana a Chrome kuma suna cikin AppData\Local\Google\Chrome\User Data. Outlook shi ne mai rikitarwa: fayil mai .ost kwafi ne na abin da ke kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe imel, ka cire shi zai sake saukowa, amma .pst sau da yawa shi kaɗai ne, babu na biyu a ko'ina, galibi kuma yana Documents\Outlook Files. Na sha ganin wanda ya cire su biyun tare saboda kawai girmansu ya ba shi haushi.

Ni kaina abin ya taɓa ci na, a wani ofis nan Gusau. Da robocopy, manhajar kwafe fayiloli ta Windows, nake aiki, na rubuta /XD Temp ina nufin ya tsallake foldar Temp ta Windows, ashe in ka ba shi suna zalla ba cikakkiyar hanya ba, duk folda mai wannan sunan a ko'ina take tsallake ta zai yi. Wata baiwar Allah a sashen kuɗi ta buɗe folda cikin Documents ta sa mata suna Temp, nan take aikin watan da ake ciki kafin ta mayar da shi inda ya dace. Ranar da diskinta ya mutu ta zo ta tsaya a kaina, "Injiniya ina aikina na wannan watan?" Na ce Hajiya bari in duba, alhali tun kafin in duba na san babu, gumi kawai nake ga zafin watan Afrilu. Tun ranar nake sa ƙaramin sikirif, wato ɗan jerin umarni, ya bi foldojin Users ɗaya bayan ɗaya ya rubuta cikakkiyar hanyar kowacce.

Downloads ma haka, kar ka cire ta ido rufe, mutane da yawa takarda ta zo ta imel nan suke buɗe ta, nan suke gyara ta har wata shida. Gara ka cire da nau'in fayil, /XF *.mp4 *.mkv *.iso, ko ka sa /MAX ya tsallake duk abin da ya wuce girman da ka yanka.

Sai masu rubuta %USERPROFILE%, wato foldar asusun da ke gudanar da aikin, suna zaton zai kama kowa. In aikin bakof da asusun SYSTEM, na Windows kanta, yake tashi cikin dare, wannan kalmar C:\Windows\System32\config\systemprofile take nufi, ba foldar Malam wane ba, ka ga ba abin da ka cire kenan. In manhajarka ta yarda da alamar tauraro, C:\Users\*\AppData\Local\Temp ya fi.

OneDrive kuwa, mai ajiye fayiloli a intanet, fuska biyu gare shi. A kwamfutoci da yawa ya riga ya kwashe Desktop da Documents da Pictures ya mayar cikin foldarsa, kana cire foldar OneDrive ka cire su duka ba ka sani ba. In kuma ka bar ta, fayilolin da sunansu kawai ke kan kwamfutar bakof na iya jawo su daga intanet, gari ya waye datar ofis ta ƙare oga yana neman wanda ya kalli fim. Sai ka zagaya ka ga wace kwamfuta ce aka kunna shi, ba duka suke ɗaya ba.

Abu biyu kuma da ke sa bakof ya kwana bai gama ba. Ɗaya rashin /XJ mai hana robocopy bin mahaɗa, wato folda mai kai ka wata folda, akwai wata tsohuwar mahaɗa mai suna Application Data cikin AppData\Local da ke komawa kan uwarta, robocopy ya yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke yana haifar folda cikin folda. Ɗayan kuma, in ya tarar da fayil a buɗe, misali wani ya tafi gida ya bar Outlook a kunne, sau 1,000,000 zai gwada yana jiran daƙiƙa 30 tsakani in ba ka hana shi ba. Sa /R:2 /W:5 ya sake gwadawa sau biyu da daƙiƙa biyar tsakani ya wuce, da safe ka karanta rahoton ka ga me ya tsallake.

Kafin ka watsa sabon jeri ga kwamfuta 40, gwada shi a guda ɗaya da /L, zai nuna maka abin da zai kwafa ba tare da ya taɓa komai ba. Ni yanzu duk ranar Alhamis nakan zaɓi mutum ɗaya in ce ya faɗa min fayil ukun da ya fi ji da su, in je cikin bakof in ciro su in buɗe a gabansa. Makon jiya na akawu ne, biyu suka fito, na ukun ashe a filashinsa yake.