Yadda Ake Gane Tsohuwar Amfilifayar Gita Ta Fender Da Gyara Ta

Idan tsohuwar amfilifaya mai bawul ta zo hannunka, wato irin mai kwalaben nan da ke ɗan haskawa idan sun ɗau zafi, kada ka jona ta da wuta don ka ji ko tana aiki. Wannan ɗokin ya kashe taransifomomi da yawa waɗanda ba a samun irinsu yanzu. Fara da sanin abin da ke gabanka. Zan yi misali da Fender Deluxe Reverb ta shekarun 1960, wadda aka ƙera a Fullerton ta jihar Kalifoniya a Amurka.

Dubi fuskarta tukuna. Baƙar fuska mai farin rubutu ta tsakanin 1963 da 1967 ce, mai launin azurfa kuwa daga 1968 ta fara. Kamfanin CBS ya sayi Fender a Janairun 1965, saboda haka idan ka ga "Fender Electric Instrument Co." a ƙasan sunan amfilifayar, alama ce ta kafin cinikin ko jim kaɗan bayansa. Sai dai fuska ana iya sauya ta, kada ka tsaya a nan.

Leƙa cikin akwatin ta baya. Akwai wata takarda manne a jikin katako mai nuna jerin bawul, kuma a kanta akan buga haruffa biyu da hatimi. Na farko shekara ne: N ita ce 1964, O 1965, P 1966, Q 1967. Na biyu wata ne, A Janairu har zuwa L Disamba. Idan ka ga OC, Maris ɗin 1965 ke nan. Daga nan ka gwada da lambobin da ke jikin kayan ciki. Taransifomar kamfanin Schumacher tana farawa da 606, sai lambar ƙarshe ta shekara, sai mako. 606521 na nufin mako na 21 a 1965. Lambar sifikar Jensen da 220 take farawa, ta Oxford da 465. Idan kwanakin sun yi kusa da juna, kayan na asali ne. Idan ɗaya ya yi nisa, wani ya riga ka taɓa ta. Ɗauki hoton kowane lungu da waya kafin ka kwance ko sukuru ɗaya.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu sosai. Cikin wannan amfilifaya wutar takan haura volt 400, kuma manyan kafasitoci, wato kayan da ke tara wuta, suna riƙe ta ko bayan an zare fulogi. Tana kisa. Ciro shasin, wato ƙarfen da kayan lantarkin ke jikinsa, ka sami resista (abin da ke rage gudun wuta) mai wat 5 mai kamar ohm 22,000, ka haɗa ta da wayoyi masu maƙali da rufin roba, ka maƙala gefe ɗaya a shasi, ɗayan a ƙafar kafasitar mai alamar ƙari. Jira, sannan ka auna da mita har ka ga wutar ta sauka ƙasa da volt 10. Duk lokacin da kake awo tana kunne, hannu ɗaya kawai zai shiga, ɗayan yana aljihu. Wanda bai taɓa aiki da wuta mai ƙarfi irin wannan ba, ya kai wa gwani ya zauna kusa da shi ya koya.

Abin da ya zama dole a sauya bai da yawa. Manyan kafasitocin tace wuta, waɗanda ke ƙarƙashin murfin ƙarfe a bayan shasi, ruwan cikinsu yakan bushe bayan shekara hamsin. Su ke kawo gurnanin nan mai kauri. A Deluxe Reverb masu 16µF ne da volt 450, sai ka sa sababbi masu kusan wannan ƙima, ka kula da ƙari da ragi. Haka ƙananan da ke kan allon da aka jera kayan ciki, da ta layin bayas (layin da ke daidaita yawan wutar da manyan bawul ke ja), wadda ƙarinta ne ke zuwa shasi, ba raginta ba. Wayar wuta mai ƙafa biyu ita ma ta tafi: sa mai ƙafa uku, ka ɗaure wayar ƙasa da shasi da kyau, ka cire kafasitar da ke jikin makunnin "Ground", domin idan ta lalace wutar gida za ta bi igiyar gita har yatsun makaɗi. Duba fis ma, ya kasance daidai da abin da aka rubuta a bayan shasi.

Sauran kuwa, auna kafin ka taɓa. Shuɗayen kafasitocin nan da ke kan allo galibi lafiyarsu ƙalau. Sai wadda ke yoyon wuta za a cire. Resistoci masu launin ƙasa sukan hau sama da ƙimarsu, amma wadda ba ta wuce kashi 20 cikin ɗari ba, kuma ba ta kawo hayaniya a sauti, ka bar ta. Biyun nan masu ohm 470 da ke kan kujerun bawul 6V6, wato manyan bawul biyu masu fitar da sauti, su ne zafi ya fi cinyewa. Ina jin takaici idan na ga an share allo gaba ɗaya an cika shi da sababbin kaya, don muryar da mutane ke nema ta tafi, darajar kuɗinta ma ta faɗi. Duk abin da ka cire, zuba shi a leda ka ajiye tare da ita.

Kafin kunnawa, tuna cewa wadda aka yi wa kasuwar Amurka wutar volt 120 take sha, ta Najeriya da Nijar kuwa ta kai 220 zuwa 230. Sai da taransifomar rage wuta. Tabbatar sifika tana jone, domin kunna ta babu sifika yana ƙona taransifomar fitar da sauti. Bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 100: idan ya haska sannan ya dushe, alhamdulillahi, idan ya tsaya da haske sosai, kashe nan take, akwai inda waya ta haɗu.

Daga ƙarshe saita bayas na 6V6 ɗin biyu, kada su wuce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da za su iya ɗauka. Bar ta ta yi rabin awa tana kunne kana kallon farantan cikin bawul ɗin. Idan ɗaya ya fara ja kamar garwashi, kashe ka sake duba layin bayas. Idan komai ya zauna, fesa maganin goge lantarki a maɓallan murɗawa da ramukan jona waya, ka mayar da shasin, sannan ka ɗauko gita.