Yadda za ka canza wa ƙaramar kwamfutarka adafta a Jidda

Da farko, juya tsohuwar adaftar ka karanta rubutun bayanta. In ka ga 100 zuwa 240V, 50/60Hz, za ta yi aiki a Saudiyya, har a tsofaffin gidajen da ke da soket mai 127V, kuma za ta yi in ka kai ta Kano.

Sai ka duba wutar da take fitarwa. A nan ake yin asara. Yawancin ƙananan kwamfutoci samfurin Intel NUC 19V suke ci, kuma dole sabuwar ta zo daidai da abin da ke rubuce a jikin tsohuwar. Amfiya kuwa, wato lambar da ke da harafin A, in ta fi ta tsohuwar ba laifi, amma kada ta gaza, don kwamfutar za ta riƙa mutuwa tana tsakar aiki. Ni shawarata, ɗan'uwa, ka ɗauki kwamfutar ka je da ita shagon, a gwada bakin wayar a gabanka.

Ban da batun adafta, in za ka sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfutar, sauko da wanda ya dace da lambar samfurinka kawai, daga shafin kamfanin. Zuba shi a filashin da aka yi wa fomat da tsarin FAT32, sa shi a kwamfutar, kunna, danna F7 in NUC ce. Kada ka zare wuta sai ta gama ta sake tashi da kanta.