Turmin ƙarshe da ba a halitta ba: kurakuran masu fara aikin wayar haƙori

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga ƙananan likitocin da suke fara sa wa haƙora waya. Turmin ƙarshe, wanda ake ce wa haƙorin hankali, shi ne haƙorin da aka fi haihuwar mutum babu shi, wajen mutum ɗaya cikin biyar ya rasa aƙalla guda ɗaya, amma kullum sai ku tsara aiki kamar dole haƙoran kowa su cika 32.

Ni ma abin da ya ci ni kenan. An kawo min yarinya 'yar shekara 12, turminta na farko na ƙasa ya ruɓe sosai, na ce a cire shi kawai, waya za ta jawo na biyu gaba, na uku, wato haƙorin hankali, in ya fito ya cike gurbi. Hoton haƙori ɗaya na ɗauka, ban ɗauki na muƙamuƙi gaba ɗaya ba saboda ina ganin ai na san aikina. Sai da ta kai 16 muka ɗauka, ashe ko ƙwayar na ukun babu. Turmi ɗaya ya rage mata a wannan gefen, na sama kuma ya rasa abokin tauna yana ta saukowa. Wallahi har yau ina tuna fuskar mahaifiyarta lokacin da nake mata bayani. Tun daga ranar ba na cire turmi sai na ga na ukun da idona a hoto.

Ku kuma masu gaggawa, haba! Yaro ɗan shekara 9 ba ku ga komai a hoto ba har kun rubuta babu? Yakan fara bayyana ne tsakanin shekara 8 zuwa 10, wani ya makara sosai. Ni dai ba na rubuta babu sai yaro ya wuce 14.

Bai fito ba daban, ba a halitta shi ba daban, wani yana nan kwance cikin ƙashi. Babba kuma ku tambaye shi ko an taɓa cire masa.

In kun tabbatar babu shi ku ƙirga sauran, musamman ƙaramin turmi na biyu (wanda ke dab da babban turmi na farko) da haƙorin gaba na sama na kusa da fiƙa, rashin yakan zo tare.

Kuma don Allah ku daina ce wa mutane tunda ba su da haƙorin hankali ba sai sun sa ritena ba, wato abin da ake sawa bayan cire waya don riƙe haƙora a inda aka daidaita su. Haƙoran gaba na ƙasa suna cunkushewa da shekaru ko akwai shi ko babu, duk wanda na cire wa waya da ritena yake fita.